Ɗigon da Ya Tashi Taro

Huɗu ga watan Posidiyon, watan sanyi, da hantsi

Tsingaro ya taru a gidan nan har ba wurin taka ƙafa, maginin tukwanen kuma yana kwance, shi ya sa na ce bari in riƙa rubutu a kai. Mahaifina mai zanen kofuna ne, shi ya koya mini baƙaƙe don in taya shi aiki, bai san wata rana zan zauna ina yi wa fasasshiyar tukunya hira ba. To da wa zan yi? Mijina Faleyas, wanda a da idan ya ɗauko zancen birni sai kaji su shiga akurki bai sauke ba, yanzu magana ɗaya tak ta rage masa a baki.

Tun ranar da ya faɗi a Tudun Taro, lokacin da mai shela ke karanta sunayen waɗanda aka kama a tsibirin da jiragenmu suka je yaƙi, ɓarinsa na dama ya shanye. Maƙwabcinmu Smikitos mai sayar da kifin gishiri ne ya kawo mini shi a kan jaki. Da harshen ya ɗan saki, ba sunana ya kira ba. Abin da mai shela ke faɗa idan an buɗe taro, shi ya fito: “Wa ke son magana?” Shi ke nan. In yunwa yake ji, wa ke son magana. In hayaƙi ya dame shi, wa ke son magana. Jiya na taka masa ƙafa ban sani ba, ya daka mini maganar nan da tsawa, na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Ɗanmu yana cikin waɗanda aka karanta. Yana da rai, haka aka ce. Ba zan sa sunansa a nan ba, don a birnin nan wanda ake so a kora daga gari shi ake rubuta wa suna a tsingaro.

Biyar ga wata, da sassafe

Na shafa masa man zaitun a hannun. Sanyi ƙalau, kamar ba nasa ba.

Shida ga wata, da yamma

Idonsa na dama ba ya rufuwa sosai, ruwa yake zubarwa ko da yana barci. Shi bai sani ba, don kumatun wannan gefen ba ya jin komai, ko allura aka caka masa. Ni kuma ban gaya masa ba. Mutumin da ya binne uwarsa da ƙannensa bai bari an ga hawayensa ba, wanda ke cewa namijin da ya yi kuka a gaban jama’a a ba shi tulu ya bi mata rijiya, shi zan ce wa idonka na tsiyaya? Na yanko ƙyalle daga tsohuwar rigata, ina goge masa tun kafin ya gangaro, ina cewa toka ce ta taɓa shi. Na ga alama ya fara mamakin yawan tokar gidan nan.

Biyote, matar ɗanmu, ta gane. Ita ma ta fara, sai ka ji ta ce, “Baba, toka,” ta goge ta wuce. Yarinyar nan ba ta da surutu, amma ba abin da ke wuce ta. Cikinta ya fito sosai yanzu.

Zamansa ɗaya ne duk yini. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannun hagu a kan na dama bisa cinyarsa, kamar mai riƙe da ɗan tsako kada ya gudu.

Takwas ga wata, da rana tsaka

Smikitos ya zo, warin kifi ya riga shi sallama. Ya juya baya ya nuna wa Faleyas jan tabo a mayafinsa, inda igiyar da ake shafa wa jar ƙasa a koro masu nawa daga kasuwa zuwa taro ta sake kama shi. A da wannan kaɗai ya isa su yini suna faɗa, don tun Faleyas yana saurayi igiyar nan ba ta taɓa samunsa ba, shi ma yake riga masu shara isa Tudu. Yau harara kawai ya iya, amma ya yi ta da kyau.

Daga nan Smikitos ya daina dariya. Ya ce jirgin da aka aika neman labari ya dawo, an ji abin da mutanen can suka yi wa waɗanda suka ƙi ajiye makami a bakin ruwa. Ba zan rubuta shi ba. ’Ya’yan Antikares biyu suna ciki, su ne duk abin da ya haifa. Antikares kuwa in ya hau dutsen magana ko kurma sai ya waiwayo. Ya rantse a taro mai zuwa, ran sha biyar ga wata, zai nemi a kashe fursunonin mutanen can da ke tsare a rumfar jirage, kaf ɗinsu.

Su ne ake cewa za a yi musaya da namu. Ba sai an gaya mini abin da za a yi wa namu ba in labarin ya ƙetara ruwa.

Biyote tana niƙa a bayan ƙyaure. Na ji dutsen ya tsaya, can kuma ya ci gaba.

Tara ga wata, da hantsi

Da hannun nan na dama ya amince wa tafiyar jiragen a bazara. Ranar ya dawo gida bakinsa har kunne, wai hannaye sun tashi kamar gonar alkama, nasa kuma shi ne na fari. Na ce masa ɗanka fa yana cikin masu tuƙin. Ya ce ai shi ya sa, mutum ba ya aika ’ya’yan wasu ya ɓoye nasa. Ga hannun nan yanzu a shanye. Mai kawai nake shafa masa.

Sha ɗaya ga wata, da yamma

Na dawo daga rijiya na tarar da shi kife a bakin ƙofa, sanda a ƙarƙashinsa, goshi duk ƙasa. Ya ja jiki daga shimfiɗa har nan shi kaɗai. Ni da Biyote muka ciccibe shi. Na zazzage shi tas, na ce in mutuwa yake so ya jira in sauke tulu mana. Bai kula ni ba, sandar ya ɗaga ya nuna wajen Tudu.

Na ce ba inda za ka. Na ce maza dubbai ne za su taru, tsoho, hannu ɗaya me zai ƙara, me zai rage? Ya dube ni da idon nan mai kyau, ya faɗi maganarsa a hankali, yadda ban taɓa jin ya faɗa ba, kamar mai roƙo. Sai na daina yi masa musu.

Ina da hannu biyu lafiyayyu, Biyote tana da biyu, ba wanda za a ƙirga a ciki ko da mun yini muna ɗagawa. Hannu ɗaya ne a gidan nan birni ya san da shi, shi ne kuma wanda nake shafa wa mai. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, ban san wanne ya fi ba.

Smikitos ya ce ya ɗaga na hagu mana, masu ƙirga ba sa tambayar wanne ne. Faleyas ya kawar da kai kamar an zage shi. Na dama ne ya aika jiragen, na dama yake so ya dawo da su. Tun ɗazu yake kama wuyan hannun da hagu yana ƙoƙarin ɗaga shi.

Sha uku ga wata, da hantsi

Ya kai shi har kafaɗa, ya kuɓuce ya faɗo masa a hanci. Muka yi ta dariya, shi ma da rabin baki.

Sha huɗu ga wata, da yamma

Na wanke masa farin mayafin, na rage masa gemu. Na ja Smikitos gefe na damƙa masa ƙyallen a ninke, na bayyana masa zancen idon, na ce in ya faɗa wa kowa sai na yi shela a kasuwa cewa kifinsa na bara ne.

Na ce, “Ka zauna ta damansa. Da ka ga ya taru ka goge, ka ce toka ce.”

Ya ce, “Toka a kan Tudu, matar Faleyas? Wa ke girki a can?”

Na ce, “To ka ce ƙuda ka kore, kai da ƙuda ai ba ku rabuwa.”

Ya cusa ƙyallen a ɗamararsa yana gunaguni. Mutumin kirki ne, kai ne dai babu.

Sha biyar ga wata, da sassafe

Sun tafi, shi a kan jaki, Smikitos yana riƙe da ƙugunsa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya sauko har kan tsauni, amma ko yayyafi babu.

Da rana tsaka

Daga tsakar gida muna jiyo Tudu, ya tashi ya kwanta kamar teku. Ba ka sanin ihun alheri ne ko na jini. Biyote ta tsefe kitson da na yi mata jiya, na sake yi mata, ta sake tsefewa.

Da yamma

Sun dawo da wuri, ba a ɗaga hannu ba. Bari in rubuta yadda Smikitos ya ba ni labari tun ban manta ba, duk da sai da na tsince gaskiyar daga cikin rantse-rantsensa.

An zaga wurin da ɗan alade don tsarkake shi kamar kullum, mai shela ya yi addu’a, ya ja tsinuwar da ake ja wa duk wanda ya yaudari jama’a, shi da zuriyarsa, sannan ya tambayi wa ke son magana. Faleyas ya taya shi faɗa da ƙarfi, har na kusa suka juyo suna murmushi.

Antikares ya hau da mayafin ƙaramin ɗansa a hannu. Bai yi ihu ba. Sunayen waɗanda aka kashe ya riƙa kira ɗaya bayan ɗaya, da na ubanninsu, da unguwanninsu, duk sunan da ya kira sai wani gefe na Tudu ya amsa da kuka. Wani dattijo ya tashi zai yi zancen musaya, aka hana shi da ihu, bai haɗa magana biyu ba ya sauko. Smikitos ya sunkuyar da kai ya ce mini shi kansa, shi da ya goya ɗanmu a wuya yana ƙarami, sai da ya ji hannunsa yana son tashi wa Antikares. Na gode masa da ya faɗa.

Shugaban taron, wani mai gyaran takalma da ƙuri’a ta faɗa wa shugabancin yini ɗaya, ya miƙe zai ce a ɗaga hannu. Sai Faleyas ya zabura. Ya ɗago bayan hannunsa na hagu ya ƙura masa ido, ya kalli sama, ya mangari Smikitos a haƙarƙari. Ɗigo ne a kai, guda ɗaya, yana sheƙi.

Smikitos ya ce bai san lokacin da ya miƙe ba, da muryar nan tasa ta tallan kifi: “Alama daga sama! Ruwa ya ɗigo, Zeyus, ubangijin sama, ya hana!”

Kowa ya san doka. In aradu ta faɗi, ko ƙasa ta motsa, ko ruwa ya ɗigo wa ko da mutum ɗaya, taro ya tashi, ba a yanke komai sai wani zama. Mutanen Antikares suka hau ihu wai dabara ce, a nuna musu maƙaryacin. Da aka ce Faleyas magini ne, sai wurin ya lafa. Wa bai san shi ba? Mutumin da ya taɓa fasa gashin wuta guda na tulunan awo da ya gina wa birni don sun gaza da kaurin ɗan yatsa, alhali ba wanda ya lura sai shi. Tsingaronsu ne ma nake rubutu a kai. Mai gyaran takalma ya sauko da kansa, ya kama hannun ya duba, ya dubi hadarin, ya tashi taro sai ashirin da huɗu ga wata.

Na durƙusa na sumbaci hannun. Tsohon nan ya zauna yana ta kallonsa, fuskarsa kamar ta yaron da aka ba tsuntsu.

Sha shida ga wata, da hantsi

Smikitos ya dawo mini da ƙyallen. A ninke yake yadda na ninke shi, a bushe.

Na tambaye shi ta ina ya zauna. Ya sosa ƙeya ya ce ta hagu, don wani ƙaton maƙeri ya riga shi ta dama, daga nan kuma zancen ƙyalle ya fita daga kansa. Na ce kai ruwan ya taɓa ka? Ya ce a’a. Na ce na kusa da ku fa? Ya ce ba wanda ya ce ya ji, amma ai ɗigo ɗaya ya isa, ba sai an yi ambaliya ba. Na ce haka ne.

Da ya tafi na hau na duba ɓauren da na manta a rufin ɗaki tun shekaranjiya. Ko danshi babu.

Na san yadda yake zama, kai a sunkuye, hagu a kan dama. Na san wane kumatu ne ba ya jin abin da ke bin sa. Na kuma san abin da sunayen nan za su yi wa ido mai lafiya ma, balle wanda ba ya rufuwa.

Biyote ta karɓi ƙyallen daga hannuna, ta dube shi, ta dube ni, ta tsoma shi a ruwan wanki.

Da yamma

Tsinuwar nan ce ta tsaya mini a rai, shi da zuriyarsa. Tana kama wanda bai san ya yi ba? Wa zan tambaya? Duk wanda na tambaya na gaya masa ke nan.

Sha bakwai ga wata, da sassafe

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba. Sannu da zuwa, ka makara, amma na karɓa.

Sha tara ga wata, da hantsi

Rijiya ta zama Tudunmu. Ba wadda ta hau dutse, ba mai shela, kowa dai tana jan guga tana magana a ƙasa-ƙasa. Matar maƙerin da ya ƙwace wa Smikitos wuri ta ce ƙanenta yana cikin waɗanda aka kama, kuma mijinta ya dawo ranar yana huci wai da an bari da sun gama da su. Ta ce ba ta yi masa musu ba, ta dai ajiye masa kwanon ƙanen a gabansa lokacin cin abinci, ya yini bai iya haɗiya ba. Wata ta ce ita nata sai da ta yi masa kuka. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta da dabara, hana shi barci kawai take yi.

Biyote da cikinta take bin gidaje. Ba ta roƙon kowa, gaisuwa kawai take kai wa, ta zauna a tsakar gida mazan su wuce su gan ta. Na ce ta huta, ta ce, “Inna, in na zauna a ɗaki tunani zai kashe ni.”

Ashirin ga wata, da yamma

Na haɗu da matar Antikares a rijiya, ba kowa sai mu biyu. Gashinta a yanke, fuskar duk ta zube. Na shirya maganganu da yawa a raina tun kwanaki saboda irin wannan haɗuwa, da na gan ta sai duk suka ba ni kunya. Me zan roƙi matar da ba ta da sauran wanda za ta jira?

Na kasa aza tuluna ni kaɗai. Ta ajiye nata ta zo ta kama mini.

Ta ce, “Na ji naki yana da rai.”

Na ce, “Haka aka ce.”

Ta gyara mini gammo ta ce, “To, ya dawo.”

Na taho ruwa yana zubo mini a wuya, ban tsaya gyarawa ba.

Ashirin da biyu ga wata, da rana tsaka

Mutane sai zuwa suke yi ganin hannun da sama ta taɓa. Wata ta kawo jaririnta mai tari wai a shafa masa. Faleyas yana miƙa hannun da ƙasaita, ni kuma ina tsaye ta damansa da ƙyalle, toka ta yi yawa kwanan nan.

Ya matsa sai an kai wa Zeyus wainar zuma. Na yi, na kai da kaina. Da na ajiye na tsaya na gaya masa a raina cewa tsohon nan bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya nuna. In akwai wanda ya san gaskiya ya yi shiru, ni ce, ni kuma ba a sa ni cikin masu hawa Tudu ba, don haka ban san ko tsinuwar ta san hanyar ɗakina ba. In ta sani ta zo, ta bar mini su.

Ashirin da huɗu ga wata, da sassafe

Smikitos ya ce yau ba a ma fito da jar igiya ba, kasuwa fayau, kowa ya riga ya hau. Na ɗaura wa Smikitos ƙyallen a wuyan hannu da kaina. Sama tas.

Da yamma

Musaya. An amince da musaya.

Don murna baƙaƙen duk sun karkace, ba komai. Antikares ya sake magana, ya sake kiran sunayen, aka saurare shi tsit har ya gama. Amma wannan karon da dattijon nan ya tashi an bar shi ya kai ƙarshe. Bayansa maƙerin ya hau, mutumin da bai taɓa magana a taro ba, ya ce shi bai iya tsara zance ba, ya dai san kwanon ƙanen matarsa yana nan a gidansa kuma yana so mai shi ya dawo ya ci a ciki. Aka yi dariya, wasu kuma ba dariya suka yi ba.

Hannayen sun yi kusa da juna har sai da aka sake ƙirgawa. Faleyas ya kama na dama da hagu ya ɗaga shi sama da kansa. Ƙirgar ta yi tsawo, hannun ya fara saukowa, Smikitos ya tallafe gwiwar da kafaɗarsa, wani da ba su ma san shi ba ya riƙe ta baya. Haka suka tsaya su uku a kan hannu ɗaya har mai ƙirga ya wuce.

Wajen saukowa suka tarar da Antikares zaune shi kaɗai a gindin dutsen. Faleyas ya ja kunnen jaki ya tsaya, ya dafa kan Antikares, ya faɗi abin da ya iya faɗa. Antikares ya ce, “Na gama tawa, baba.” Ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba.

Ashirin da bakwai ga wata, da hantsi

Jirgin manzanni ya tafi. Ba na son jin iska.

Biyu ga watan Gameliyon, da yamma

Shiru.

Biyar ga wata, da rana tsaka

Biyote ta sauka lafiya, mace ce. Na ɗaura zaren ulu a ƙofa yadda ake yi wa ’ya mace, Smikitos ya wuce ya ce ba komai, na gaba ganyen zaitun na ɗa namiji za a rataya, na jefe shi da ɓawon albasa. Na ɗora wa kakanta ita a cinya. Ta kama babban yatsansa na dama ta riƙe gam, shi bai ji ba, sai da na nuna masa.

Takwas ga wata, da sassafe

Teku ta kwanta. An ce an hango filafilan jirage daga kan tsauni.

Tara ga wata, da yamma

Wannan ba a tsingaro nake rubuta shi ba. Na ɗauko tulun ƙarshe da Faleyas ya gasa kafin ya faɗi, lafiyayye, ko tsaga babu, a jikinsa nake rubutawa. Habron. Habron ɗan Faleyas. Yana ɗaki yana barci da ’yarsa a ƙirji, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙafarsa ɗaya da miki, amma shi ne.

Tun hantsi muke tashar jirage, tsohon a kan jaki, ni ina riƙe da shi. Garin ya yi haske, ko gajimare ɗaya babu daga nan har tsibirai. Mutane suna ta turereniya, mata suna kiran sunaye. Ni ido na zuba wa katakon da aka shimfiɗa daga jirgi, ƙyallen yana ɗamarata, na manta da shi sarai.

Tsohon ne ya fara ganinsa. Na ji jikinsa ya ƙame a hannuna. Habron yana saukowa a hankali, yana dafe da kafaɗar wani, yana dube-dube bai gan mu ba tukuna. Faleyas ya sunkuyo gaba, hagu a kan dama bisa wuyan jaki, yadda ya saba.

Ina gani ya ɗiga a bayan hannunsa. Guda ɗaya, daidai wurin da na sumbata.

Ya dubi hannun. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya bi ta da ido daga gabas har yamma. Sannan ya kai yatsun hagu a hankali ya taɓa kumatun da ba ya ji, ya dawo da su ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Na ga toka ta faɗo masa a rai, da ƙudan Smikitos, da wainar zuma, da tsinuwar mai shela, duk na ga sun bi ta fuskarsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan mutumin da ya fasa tuluna saboda kaurin ɗan yatsa. Shugabannin birni suna tsaye kusa da mu suna karɓar waɗanda suka dawo, in ya ɗaga sanda ya nuna musu za su juyo.

Ya juyo ya dube ni. Habron ya hango mu a lokacin, yana ture mutane yana kiran baba, yana kiran inna. Faleyas bai ɗauke ido daga kaina ba. Rabin bakin nan mai rai ya ɗan motsa, ya tambaye ni a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

“Wa ke son magana?”

Na zaro ƙyallen na goge masa, a fili, ban ce toka ba.

Na ce, “Ba kowa, tsoho. Ga ɗanka nan.”